Eric Clapton: Jitar da Ba Ta Zafi Sai da Kishiya

Daga 1963 zuwa 1970, Eric Clapton ɗan Ingila ya ratsa manyan ƙungiyoyin kiɗa biyar: Yardbirds, Bluesbreakers ta John Mayall, Cream, Blind Faith, sai Derek and the Dominos. Ta farkon ya bar ta a 1965 saboda ta saki kiɗan blues ta koma waƙar kasuwa. Masoyansa na cewa gaskiyar kiɗa yake bi.

Mu kuwa da muka sake sauraron faya-fayen, wani abu daban muka ji: jitarsa ba ta zafi sai an matsa masa. A Cream, Jack Bruce da Ginger Baker ba su bar shi ya numfasa ba, shi ya sa "Crossroads" take tafasa. A "Layla" ta 1970, Duane Allman ne ke tsokanarsa, jita na amsa wa jita. Da ya zama maigidan kansa, sai kiɗan ya yi sanyi: "Wonderful Tonight" ta 1977 akwai daɗi, amma babu gumi.

Sau uku aka karrama shi a Rock and Roll Hall of Fame, biyu tare da ƙungiya. Waɗannan biyun muka fi yarda da su.