Gashin Binti da kuɗin makaranta

Binti ba ta yi sallama da kowa ba. Cikin duhu ta sulale daga gidan iyayenta, tana da shekara 16, don ta kama jirgin da zai kai ta Jami'ar Oomza, can a wata duniya. Ita ce ta farko a ƙabilar Himba da aka taɓa ba gurbi a wurin. Haka Nnedi Okorafor ta buɗe ɗan littafinta, Binti, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci kyaututtukan Hugo da Nebula.

Mu da muka ji labarin yadda kakanninmu suka riƙa ɓoye 'ya'ya kada a kai su boko, mun san wannan fargabar. Tsoronsu shi ne yaro ya tafi naka ya dawo na wasu. Okorafor ta ɗauki tsoron nan ta dasa shi a jikin yarinyar. A hanya wasu halittu da ake kira Meduse suka auka wa jirgin, suka kashe ɗaliban a kan idonta. Don ta iya shiga tsakaninsu da jami'ar, wadda ta ajiye makamin harbin da aka yanke daga jikin sarkinsu a gidan tarihi, sai suka soke ta a baya. Daga bisani ta tarar kitsonta, wanda take shafe shi da jar ƙasar garinsu, ya rikiɗe ya zama jela irin tasu. Ba wanda ya nemi izininta. Tun ba ta shiga aji ba an karɓi kuɗin makaranta a jikinta, kuma nan ne littafin ya fi ƙarfi.

Inda muka ja da marubuciyar shi ne sulhun. Malamai sun saurari yarinya, sun yi shawara, sun mayar da abin da aka sace, har sun ba Okwu, ɗaya daga cikin maharan, gurbin karatu. To, iyayen waɗanda aka kashe fa? Jinin bai gama bushewa ba aka shiga abota. Gaggawar ta yi yawa, kuma ta rage wa tambayar nauyi: in ilimi ya sauya mutum, wa ya yarda, wa kuma ya biya?

Littafi na biyu, Binti: Home, na 2017, ya ɗan biya bashin. Firgicin harin bai sake ta ba, 'yan gida kuma suna yi mata kallon baƙuwa. A nan ne ta gano dangin mahaifinta na hamada, waɗanda Himba ke rainawa, suna ɗauke da wasu ƙananan na'urori a jininsu da suke zance da su daga nesa. Ashe tun kafin jami'a ba “tsantsar” mutum ba ce. Sunan mutanen Enyi Zinariya, kuma mai karatu Bahaushe ba sai an fassara masa rabin sunan ba.