Sunan Kiɗa a Kundin Ajiya: Darasi Daga Abijan

Idan za a shigar da faifai ko kaset cikin ɗakin ajiyar tarihi, akan rubuta sunan mawaƙi, da shekara, da irin kiɗan. Na ƙarshen nan ya fi wuya, gama da shi mai bincike yake nema. In an sa sunan da bai dace ba, kaset yana nan a kan kanta, amma ya ɓace.

Waƙoƙin Abijan sun nuna haka sarai. Ernesto Djédjé, wanda ya rasu a 1983, ya kira kiɗansa ziglibithy, tushensa kuwa kiɗan ƙabilar Bété ne. Zouglou ya fito wajen 1990 daga bakin ɗaliban jami'a masu kukan ƙuncin rayuwa. Coupé-décalé kuma a Faris Douk Saga da abokansa suka fara shi wajen 2002, kiɗan ado da ɓarin kuɗi, a lokacin da yaƙi ya raba ƙasarsu. Kowanne da zamaninsa da abin da ya haife shi. Masu sayar da kaset a kasuwar Adjamé da masu sa faifai a gidajen rawa na Treichville da waɗannan sunaye suka yi ciniki.

Amma a 1987 waɗansu masu kamfanonin faifai suka taru a Landan, suka zaɓi sunan "kiɗan duniya" domin saukaka sayarwa. Kundin da ya ari wannan suna ya zuba kukan ɗalibi da fahariyar mai kuɗi a ƙwarya guda.

Duk da haka, suna ɗaya ba ya isa, ko da na gida ne. A Abijan Salif Keita da ƙungiyar Les Ambassadeurs suka ɗauki "Mandjou" a 1978: mawaƙin daga Mali, wanda aka yaba kuwa Sékou Touré na Gini. Ina za a ajiye ta? Bahaushen da ke zaune a Adjamé ya san hanya, domin yakan bambanta waƙa ta wajen kayan kiɗa, kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya, da kuma wanda aka yi wa ita.

Saboda haka kundi nagari zai rubuta sunan da masu kiɗan suka ba shi, da harshe, da kayan kiɗa, da wurin ɗauka. In wani ne ya laƙaba sunan daga baya, a faɗi ko wane ne, da shekarar.