Ɗan koyon sassaƙa a Yamai: don wa yake yi, me yake faɗa?

Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya bi ta rumfunan masu sana'ar hannu, zai tarar da yara 'yan koyo a gefen iyayen gidansu. Wani na goge raƙumin dawa na itace, wani na hura wuta. A irin waɗannan rumfuna, da na ƙauyen masu sana'a na Wadata, akasarin masu yin mutum-mutumi a birnin suke samun horo. Hannu yana ƙwarewa sosai a wurin. Abin da ke damuna shi ne ba kasafai ake tambayar yaro abin da yake nufi da aikinsa ba.

A dubi yadda ake zubin tagulla. Yaro zai murza kakin zuma ya siffanta mahayi da dokinsa, har linzami da lanƙwasar rawani. Sai ya lulluɓe shi da yumɓu da aka cakuɗa da kashin jaki, ya bar 'yar kafa, ya shanya. In ya bushe a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe na tsofaffin famfo da kwaɗuna a gurbinsa. Bayan ya huce dole a fasa yumɓun kafin a ga abin da ya fito. Saboda haka kowane zubi guda ne tak, ba shi da na biyu. Amma sai ka ga tebur cike da mahaya masu kama ɗaya, domin irinsa baƙo ya saya bara. Shekaru da dama Bature mai yawon buɗe ido ne ke zaɓa wa masassaƙin Yamai abin da zai sassaƙa: raƙumi, raƙumin dawa, mace da tulu a ka. Yanzu da baƙin suka ja baya saboda matsalar tsaro, tambayar ta fito fili: wa ake yi wa?

Akwai kuma nauyin da yaron yake ɗauke da shi daga gida. Malamai da yawa suna ganin haramcin siffanta mai rai da cikakkiyar sura, kuma iyaye na tsoron a ce ɗansu yana ƙera gumaka. Ban ɗauki wannan da wasa ba. Sai dai na lura ya tura wasu matasa wata hanya mai albarka: su bar fuska, su yi magana da kayan aikin kansu. Wanda ya tsinto tsohon bokitin ƙarfe, sarƙar babur da murfin tukunya a kasuwar Katako ya haɗa su da walda, ya riga ya faɗi wani abu game da birnin da ke cin kayan da wasu suka yar, tun kafin a san siffar da zai fitar.

Mafi kyawun misalin wannan yana cikin ƙasar. Itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a sahara tana nuna wa ayarin gishiri hanya, wata babbar mota ta kayar da ita a 1973. Aka kawo gangar jikinta gidan tarihin Yamai, aka kafa wata ta ƙarfe a inda ta tsaya. Ta ƙarfen ba ta yi kama da bishiya sosai ba, amma ta gaji aikinta na alama, kuma duk mai wucewa yana tuna abin da aka rasa.

Masu cewa wannan fasaha baƙuwa ce su je su ga mahayin Bura. A 1975 aka gano maƙabartar Bura-Asinda-Sikka a yankin Tera, masanin kayan tarihi Boubé Gado ya jagoranci tono ta a 1983. An samu tulunan jana'iza a kife, wasu da kawunan yumɓu a kansu. Mahayin kuwa gutsattsari aka tsince shi aka harhaɗa, hannunsa cike da mundaye, kuma an ƙiyasta an gina shi tsakanin ƙarni na 3 da na 10. Har New York aka kai shi baje koli a 2020. Maginin da ya yi shi mutanensa ya yi wa, don su san wanda ke kwance a ƙasa da darajarsa. Abin takaici, bayan duniya ta san Bura sai masu haƙar sata suka far wa wuraren, kaya masu yawa suka ƙetare teku.

Ko a Oktoban 2024, da hukumomi suka cire hoton sojan Faransa Monteil daga dandalinsa a Yamai suka sa na Thomas Sankara, kowa ya gane cewa abin da aka kafa a bainar jama'a magana yake yi.

Don haka kirana ga iyayen gidan rumfuna da malaman fasaha na Jami'ar Abdou Moumouni: ku kai 'yan koyo su ga kayan Bura da idonsu, ku riƙa tambayar kowane yaro dalilin da ya zaɓi itace ko ƙarfe ko yumɓu, kuma wa yake so ya tsaya gaban aikin. Mu kuma mutanen gari, in mun ga aikin yaro ya yi ma'ana, mu sa hannu a aljihu mu saya.