'Yan Matan Bishiyar Waƙwaƙ: Nazarin Sura da Rayuwa

Daga cikin halittun da hikayoyin Larabawa suka ƙaga, 'yan matan bishiyar tsibirin Waƙwaƙ sun cancanci nazari. Littafin labarin ƙasa da ake dangantawa ga Al-Zuhri na Andalus, a ƙarni na 12, ya siffanta su daki-daki. Ƙafafu ke fara tohowa a watan Maris, gangar jiki ta cika a Afrilu, kai ya fito a Mayu, suna reto ta gashin kansu. A Yuni sai su faɗo da kukan "waƙ-waƙ", su mutu, tsoka zalla babu ƙashi.

A nan raunin ƙagen yake. An ƙawata sura, an manta da rayuwa: ba sa ci, ba sa aure, ba su da sarki, don haka ba za su iya ɗaukar jigon labari ba. A hikayar Hasan mutumin Basra, cikin Dare Dubu Da Ɗaya, sun koma kawuna masu tasbihi safe da maraice, ado kawai.

Bahaushe kuwa masauki ya ɗauki itace. Tarihin Kano ya ajiye Tsumburbura cikin bishiyar Shamus, kamar yadda iskoki ke zaune a tsamiya da kuka, kowane da sunansa da halinsa da abin da yake nema a hannun mutane.