Hoto Ɗaya Kowace Safiya a Gadar Haɗeja

Na san wani matashi mai gyaran waya a Haɗeja da ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Kullum bayan asuba, da gari ya fara washewa, sai ya taka zuwa gada, ya tsaya a wuri guda, ya ɗauki kogi hoto. Ɗaya tak. Wayar ma ba ta a-zo-a-gani ba ce, gilashinta a tsage yake.

Hoton Litinin da na Talata ba ka iya raba su. Sai an jera na wata shida gwanintar ke fitowa. Ka ga ruwa ya hau a Agusta, ya leƙa gonakin shinkafa, ya ja baya ya bar laka, masu noman rani sun bi sawunsa da tattasai da albasa. Ka ga kachala, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, tana matsowa a hankali kamar mai neman a ba ta wurin zama. Wanda ke wucewa a kan babur bai taɓa ganin ta motsa ba.

Daga nan tambaya ta kama shi. Tsofaffi na cewa da can kogin kan ja sosai da rani, to me ya sauya? Bin amsar ya kai shi har Kano: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, masu riƙe ruwan damina su riƙa sako shi duk shekara. Ruwan da ba ya ƙafewa kuwa, shi kachala ke so. A makaranta ba a gaya masa wannan ba.

Dabarar jerawar a littafi ya tsince ta. Wani yayansa ya kawo masa littafin J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriyar da ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, da yawa daga ƙeya. Kitso ne dai, abin da kowa ke gani a tsakar gida, amma da aka jera shi shafi bayan shafi sai ya zama tarihi. Littafi kuma ba ya barin ka ture hoto da yatsa kamar a Facebook. Dole ka zauna da shi har ka ga abin da ke can kusurwa.

Yanzu idonsa ba ya hutawa a cikin gari. Ya san ranar tsaka ba ta yi wa ginin ƙasa adalci, hasken hantsi ne ke fito da zankwaye da zanen ƙofar zaure. Ya san hazon hunturu, da kowa ke tsinewa, shi ke tausasa fuska a hoto. Ya nuna mini wata katanga da na sha wucewa, ga layin danshi a jikinta daidai gwiwa, shaidar ambaliyar 2020. Ni da nake taƙama da sanin garin, kunya ta kama ni.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabinsa. Ba ya ɗaga waya a kan mutum sai ya gaisa. Ranar da na raka shi, muka tarar da wani dattijo yana gyaran birgi, tarwada na motsi a ƙwarya gefensa.

"Baba, sannu da aiki. In ɗauka?"

Dattijon bai ko ɗago ba. "Kai ne yaron gada? Ɗauki, ɗana. Amma ka dawo bayan Sallah, ka ga inda ruwan nan zai koma."

Ya ɗauka, ya zaro ɗan littafinsa daga aljihu, ya rubuta ranar.