Fitila ko take? Sharhi kan fassarar kalmar «phare» zuwa Hausa

Wannan ɗan sharhi ya samo asali ne daga ziyarar da muka kai ginin da ake kira «phare des Mamelles» a unguwar Wakam, cikin birnin Dakar. An gina shi a shekarar 1864 bisa wani tudu mai kallon teku. A ƙololuwarsa akwai gilashi irin wanda Augustin Fresnel ya ƙirƙiro, wanda aka fara aiki da shi a Kordwan, ƙasar Faransa, a 1823. Gilashin yana juyawa, yana tattara hasken wuri guda, sai matuƙin jirgi ya ga farar walƙiya sau ɗaya kowace daƙiƙa 5.

Da muka dawo, sai muka tambayi kanmu: yaya malami zai bayyana wannan ga ɗaliban Filinge da ba su taɓa ganin teku ba? Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, irin wannan tambaya take gabanmu.

Fassara biyu muka saba ji: «hasumiya» da «fitila». A ganinmu kowace ta gaza. Hasumiya tana nuna siffar ginin kawai. Fitila kuwa tana sa yaro ya zaci ana haskaka ruwa ne don jirgi ya ga gabansa, kamar yadda mutum ke riƙe tocila. Alhali aikin hasken shi ne faɗin sunan wurin. Kowane gini a gaɓa ɗaya yana da launinsa da ƙidayar walƙiyarsa. Matuƙi ya ƙirga, ya duba littafinsa, ya san inda yake. In ya yi kuskuren ƙirga, jirgi na iya hawa dutse.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bakurfaye. A gonar gayya kowane saurayi yana da takensa a gangar noma, haka Mayaƙi yana da nasa. Mai saurare daga nesa yana sanin wa ake nufi ko da bai ga kowa ba. Saboda haka muke ba da shawarar a ce «fitila mai take».

Sai dai mu yarda cewa kwatancin yana da iyaka. Take yana da kalmomi a bayansa, kuma yabo ne. Walƙiya ƙidaya ce tsura, wadda hukuma ta tsara ta rubuta. Ban da haka, kalmar ba ta shafi sauran alamomin teku ba, kamar jan haske a hagu da kore a dama ga jirgin da ke shiga tashoshin Afirka.

Duk da haka mun fi son kalmar da ke koyar da aiki bisa wadda ke nuna siffa. Muna roƙon abokan aiki su gwada ta a aji, su sanar da mu abin da yara suka fahimta.