Cigiya da Sanarwa: Gadon Sankira a Ƙaramin Gidan Rediyo

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin gidan rediyo, in aka zauna hira da shi, da wuya ya fara da labaran duniya. Abin da ke fara zuwa bakinsa cigiya ce: jan sa mai karyayyen ƙaho da ya ɓace ranar kasuwa, ko yaro ɗan shekara huɗu da ya fita tun hantsi. Sai sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, sai gaishe-gaishen 'yan zaɓi sonka. Masu nazarin yaɗa labarai sukan ɗauki waɗannan a matsayin cikon lokaci. Ni a ganina su ne ainihin aikin.

Salon ya girmi rediyo. Sankira ne ke zagaya gari da shela, kuma tsarinsa ne ya shigo ɗakin watsa shirye-shirye kusan yadda yake: sallama, sunan mai saƙo da unguwarsa, saƙon, sannan addu'a. Sanarwar rasuwa ta fi kowacce ƙa'ida. Ana buɗewa da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a faɗi sunan mamaci da shekarunsa, 'ya'ya da jikokin da ya bari, lokacin jana'iza da gidan da za a karɓi gaisuwa. Jerin sunayen dangi kuwa ba ado ba ne, shaida ce ta wanda ake lissafawa a cikin gida. Na taɓa tsallake sunan ƙanin wani mamaci saboda ƙurewar lokaci. Washegari ya tare ni a bakin masallaci, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, ashe ni ba ɗan gidan ba ne?" Tun daga ranar ban sake gajarta jeri ba.

Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya kai murya nesa ƙwarai, amma ba zai yi cigiyar akuyar wani ƙauye ba. Nijar ta riga mu gane wannan giɓi. A waccan shekarar aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro na Radio-Clubs, a 1999 kuma aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare, yana aiki da hasken rana. A Najeriya an ba masu zaman kansu dama tun 1992, amma sai 2015 aka amince da lasisin rediyon al'umma guda 17.

Kusancin da ya ba ƙaramin rediyo ƙarfi shi ne kuma ya ɗaure shi, kuma nan ne tsoffin ma'aikata kan rage murya. Yaya za ka karanta ƙorafin manoma a kan hakimi, alhali sahu ɗaya za ku tsaya da magariba? Kuɗin sanarwa ne ke sayen man janareto, don haka ta'aziyyar attajiri takan zagayo sau uku, cigiyar talaka sau ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a adana komai ba. Kaset ɗaya muke maimaita ɗauka a kansa har ya tsinke. Takardun sanarwa, waɗansu da boko waɗansu da ajami, ɗauke da sunayen zuri'ar gari kaf, a kwali muke tara su a bayan ƙofa, kuma kafin damina biyu gara ta gama da su.